Wonder Woman 1984: kallon gida a Amurka, turi a wurinmu

Zuwa ga Edita,

Ina roƙon ɗan fili in tofa albarkacin bakina kan cacar bakin da aka yi bayan 25 ga Disamba 2020, ranar da kamfanin Warner Bros ya saki fim ɗin Wonder Woman 1984 a gidajen silima na Amurka, ya kuma ɗora shi a manhajarsa ta HBO Max duk a rana guda. A lokacin wasu na cewa an yi wa silima jana'iza, wasu na cewa an ceci rayuka. Ni dai ina ganin mu nan Kano mun riga Amurkawa sanin ɗanɗanon wannan miya.

A cikin birni na tashi, lokacin da silima ba wurin 'ya mace ba ne. Plaza, Orion, Marhaba, Eldorado, sunayensu kawai muke ji a bakin yayyenmu maza, su ma a sace suke zuwa, don a ce wa yaro ɗan silima zagi ne. Kaset ɗin bidiyo ne ya kawo mana fim har ɗakin Umma. A kan tabarma muka kalli Sangaya da Wasila, mu da matan maƙwabta, ana tsince shinkafa ana yi wa jarumi faɗa. Saboda haka ba ni ce zan raina kallon gida ba, shi ya buɗe wa mata irina ƙofa.

Sai a 2017, da na kai wa yayata ziyara Abuja, na fara shiga silima, tare da 'yata mai shekara goma sha ɗaya. Wonder Woman na farko muka kalla. Akwai wurin da jarumar fim ɗin, Diana, ta fito daga ramin sojoji a Yaƙin Duniya na Ɗaya, ta ratsa fili ita kaɗai, harsasai na sauka a garkuwarta. Zauren ya yi tsit, kiɗa na ratsa ƙirji, yarinyar nan ta damƙe hannuna har sai da na ji zafi. Ranar na gane abin da yayyena ke shan bulala a kansa.

Tun daga nan yarinyar take jiran na biyu. Aka ce Yuni 2020, aka ɗaga zuwa Agusta, aka sake ɗagawa zuwa Oktoba, korona ta hana. Mu da muka ga watan Afrilun 2020 a Kano, muka ga yadda aka riƙa kai dattawa makwancinsu ɗaya bayan ɗaya, ba ma buƙatar a yi mana bayanin annoba. A Amurka kuwa, kafin fim ɗin ya fito mamata sun haura 300,000, kuma fiye da rabin gidajen silimarsu a rufe suke. A ce mutum ya zauna awa biyu da rabi a rufaffen zaure, tsakanin baƙin fuska, kowa ya sauke takunkumi yana cin gugguru, don ya ga mace mai igiyar zinariya? Wallahi bai kai ba. A wannan gaɓar ina bayan kamfanin, duk da asarar da ya tafka: na farko ya tara dala miliyan 103 a kwanakinsa uku na farko a Amurka, wannan kuwa miliyan 16.7, alhali an kashe kusan miliyan 200 wajen shirya shi.

Inda gizo ke saƙar shi ne, a lokacin HBO Max ba ta aiki a Najeriya. A 2020 Ba'amurke kan biya dala 15 a wata ya kalla da halaliyarsa. Mu idan aka ce a kalla a gida, ana nufin a je wurin mai turi, wato mai tura wa mutane fim a waya ko memori. Da can fim ɗin sata yakan zo ne dishi-dishi, an ɗauke shi da waya a silima, kan wani na gilmawa. Wannan karon da yake daga manhaja aka kwafo, tas ya iso, kwana kaɗan da fitowarsa. Ba zan yi maka ƙarya ba, ranka ya daɗe, ƙanena ya kawo mana shi a memori, naira ɗari ya biya, kuma na kalla. Ban ji daɗin kaina ba, amma na kalla.

A zama uku muka gama shi. Aka ɗauke wuta, cajin kwamfuta ya ƙare, washegari baƙuwa ta yi sallama ana tsakiyar faɗa. Gasar da aka buɗe fim ɗin da ita, inda Diana tana ƙarama take tsere da manyan mata a tsibirinsu, an ɗauke ta ne don allo mai tsayin bene, mu kuwa kamar tururuwa muka gan su. Labarin ma ya yi tsawo. Dutse ne mai cika wa mutum buri ya karɓe wani abu mai daraja a madadinsa, dabara mai kyau, sai dai an ja ta har ta tsinke. Pedro Pascal, wanda ya fito a ɗan damfara Maxwell Lord, shi ya riƙe fim ɗin fiye da Gal Gadot, wadda ta fito a Diana. Dawo da Steve, masoyin Diana, a jikin wani bawan Allah da ba a nemi izininsa ba bai kwanta mini ba, haka ma yadda aka nuna Larabawan Masar, sarki mai man fetur da yara a tsakiyar titi suna jiran a cece su. Wataƙila a silima ƙarar kiɗa da girman allo su rufe wasu kurakuran. A falo babu mai rufa wa darakta asiri, yatsa na kan madannin tsallakewa.

A Disamba 2020 Warner ya ce duk finafinansa 17 na 2021 haka zai sake su, gida da silima tare, har darakta Christopher Nolan ya fito ya yi tir. Da ina da hanyar kai musu saƙo, sai in ce su zo Ƙofar Wambai su tambayi tsofaffin dillalan finafinan Hausa. Kasuwar kaset da faifai ta yi tashe har aka manta da silima, sannan turi ya zo ya cinye kasuwar. Furodusa ya kashe miliyoyi, fim ya fito da safe, da yamma yana wayar kowa. Dole ta sa wasu suka koma haska sabon fim a silima tukuna don su fara mayar da uwar kuɗi, wasu suka koma masu dogon zango irin Izzar So a YouTube da Labarina a Arewa24. Abin da ya ci Doma ba zai bar Awe ba, ko da Awen na da dala.

A Disamba 2020 an ce za a yi na uku. Na yi wa yarinyar alkawarin idan Allah Ya yaye annobar, aka yi mana rigakafi, a silima za mu kalle shi, da tikitin da muka saya. A ƙarshe ina roƙonka ka tura wakilinku ya zanta da masu sayar da tikiti da masu share zaure a silimomin Kano da Kaduna, mu ji yadda suka ci abinci a watannin da aka rufe su.

Wassalam.

Taka mai karatu,
wata malamar makaranta daga Gwammaja, Kano