Faruk Lawan: Yadda Dala Dubu 500 Ta Binne Naira Tiriliyan Ɗaya

A watan Oktoban 2024 aka buɗe ƙofar gidan yarin Kuje, Faruk Lawan ya fito bayan ya kammala zaman da doka ta tanadar masa. Shekara guda bayan haka, a Oktoban 2025, sunansa ya fito a jerin waɗanda Shugaba Bola Tinubu ya yi wa afuwa. A wajen shari'a dai magana ta ƙare, kuma ni ba na cikin masu son a ci gaba da jifan wanda ya riga ya sha hukuncinsa. Sai dai akwai wani bashi da ya rage a wannan al'amari, wanda ba shi kaɗai ake bi ba, har da mu da muka tafa masa. Wannan bashi ne ya sa na ɗauki alƙalami a yau.

Mai karatu da ya bibiyi siyasar ƙasar nan tun dawowar mulkin farar hula zai tuna irin matsayin da wannan bawan Allah ya taka. Sau huɗu mutanen mazaɓar Bagwai da Shanono a Jihar Kano suna tura shi Majalisar Wakilai a ƙarƙashin jam'iyyar PDP, daga 1999 har zuwa 2015, shekara 16 ke nan cur. Mutum ne mai ƙaramin jiki da kaifin harshe, wanda idan ya miƙe zai yi magana zauren majalisa kan yi tsit. A 2007 shi ya jagoranci ƙungiyar 'yan majalisa da ta sa wa kanta suna Integrity, wato masu gaskiya da riƙon amana, wadda ta hana Shugabar Majalisa Patricia Etteh sakat a kan kwangilar Naira miliyan 628 ta gyaran gidajen shugabannin majalisar da sayen motoci, har sai da ta sauka daga kujerarta a ƙarshen Oktoban shekarar. Tun daga ranar sunan ƙungiyar ya zama laƙabinsa, mu kuma 'yan bokon Arewa muka riƙa nuna shi da alfahari, muna cewa ga namu nan da ya fita kunya.

Saboda haka babu wanda ya yi mamaki da aka ɗora masa babban aiki a 2012. Ranar 1 ga Janairun shekarar gwamnatin Goodluck Jonathan ta janye tallafin man fetur, lita ta tashi daga Naira 65 zuwa kimanin Naira 141, jama'a suka fantsama tituna daga Legas har Kano, sai da aka sauko da farashin zuwa Naira 97 kafin ƙura ta lafa. A tsakiyar wannan dambarwa majalisar da Aminu Waziri Tambuwal ke shugabanta ta kafa kwamitin wucin gadi don binciken yadda ake biyan kuɗin tallafin, ta kuma damƙa shugabancinsa a hannun Faruk Lawan. Na tuna yadda a wurin aikinmu muke barin abin da ke gabanmu mu kewaye talabijin, muna kallon manyan jami'an gwamnati da dillalan mai suna inda-inda a gaban kwamitin, kowa na kawo alƙaluman da suka saɓa wa na ɗan'uwansa.

Rahoton da kwamitin ya miƙa a watan Afrilu ya girgiza ƙasa. Ya nuna cewa a 2011 an ware Naira biliyan 245 a kasafin kuɗi don tallafin, amma abin da aka kashe ya haura Naira tiriliyan biyu da rabi. Ya nuna cewa kamfanonin da ke cin moriyar shirin sun tashi daga 5 a 2006 zuwa 140 a 2011, kuma an biya wasu kuɗin man da bai taɓa shigowa ƙasar nan ba. Sannan ya ba da shawarar a dawo wa baitulmali da sama da Naira tiriliyan ɗaya. Talaka ya ga a rubuce abin da ya daɗe yana zargi, ya kuma ɗauka cewa a wannan karo za a kashe macijin har a sare kansa.

Wata biyu ba su cika ba labari ya sha bamban. A watan Yuni hamshaƙin attajirin nan Femi Otedola, mai kamfanin Zenon, ya fito fili ya ce shugaban kwamitin ya nemi Dala miliyan uku don a cire sunan kamfaninsa daga jerin waɗanda rahoton ya zarga, kuma da sanin jami'an tsaron farin kaya ya ba da Dala dubu 620, dubu 500 ga Faruk Lawan, sauran ga sakataren kwamitin. Shi kuwa ɗan majalisar ya ce ya karɓi kuɗin ne don su zama hujjar cewa an yi yunƙurin saye shi. Kotuna uku suka saurari wannan bayani, babu wadda ta gamsu. A watan Yunin 2021 Babbar Kotun Birnin Tarayya ta ɗaure shi shekara bakwai. A 2022 Kotun Ɗaukaka Ƙara ta soke biyu daga cikin tuhume-tuhume uku, ta mayar da ɗaurin shekara biyar. A Janairun 2024 Kotun Ƙoli ta tabbatar da hakan.

Har gobe nakan haɗu da masu cewa tarko aka ɗana masa don a kashe rahoton. Mai yiwuwa ne akwai waɗanda suka yi murna da faɗuwarsa, domin wanda ya taɓa tuwon manya ba ya rasa maƙiya. Amma tarko ba ya bin tsuntsu sama, tsuntsun ne ke saukowa wajen tsaba, shi ya sa Bahaushe ya ce kwaɗayi mabuɗin wahala. Kuma mu da muka ƙi karɓar kowane uzuri daga Etteh a 2007, da wane baki za mu nema wa namu uzuri a 2012? Laifi tudu ne. Matuƙar ma'aunin da muke auna ɗan wani ya bambanta da wanda muke auna ɗanmu, to mu daina yaudarar kanmu cewa cin hanci muke yaƙa.

Abin da ya fi ci mini tuwo a ƙwarya shi ne abin da ya sami rahoton. Daga ranar da batun Dala ya fito, duk wanda aka ambata a ciki ya sami abin fakewa, sai kawai ya ce ai rahoton maciyin hanci ne. Hankalin jaridu da namu ya koma kan wa ya ba wa, a ina, da ƙarfe nawa, aka manta da tiriliyan ɗaya. Gaskiya ne hukumar EFCC ta gurfanar da wasu dillalan mai, an ma sami waɗanda aka ɗaure bayan shekaru, amma idan aka auna da girman ɓarnar da aka bankaɗo, abin bai taka kara ya karya ba. Tallafin ya ci gaba da laƙume dukiyar ƙasa har ranar 29 ga Mayun 2023 da aka janye shi, a 2024 kuwa lita ta haura Naira 1,000 a wurare da dama. Talakan da ya fito titi a 2012 shi ne dai ya biya kuɗin sabulu.

Ga inda namu bashin yake. A ranar 24 ga Afrilun 2012, lokacin da majalisa ke duba rahoton, Faruk Lawan da kansa ya nemi a cire sunan Zenon da na wani kamfani daga jerin, majalisa kuma ta amince, sai bayan asiri ya tonu ta sake zama ta mayar da su. Me ya sa zaure mai kujeru 360 ya yarda cikin sauƙi haka? A nawa ganin, saboda wanda ya nema ne. Shekara 13 a majalisa da laƙabin mai gaskiya sun sa an daina tambayarsa hujja. Mun ɗauki amanar ƙasa guda mun rataye ta a wuyan mutum ɗaya, alhali mun san ɗan Adam tara yake bai cika goma ba. Da ya faɗi, sai ya faɗi da kayan gaba ɗaya.

Gyara kayanka dai ba ya zama sauke mu raba. Ya kamata majalisunmu, na tarayya da na jihohi, su mayar da shi doka cewa duk hujjar da kwamitin bincike ya dogara da ita a buga ta kowa ya gani, ta yadda rahoto zai tsaya da ƙafarsa ko da marubucinsa ya ji kunya. Duk gyaran da za a yi wa rahoto a kawo shi a rubuce tare da dalilinsa da sa hannun 'yan kwamiti, kuma a haramta wa mai bincike ganawa a keɓe da wanda yake bincika. Ita ma shari'a a duba ta, domin ƙarar da aka shigar a 2013 ba ta kai ƙarshe ba sai 2024, lokacin da yaran da suka ga zanga-zangar suna firamare sun riga sun shiga jami'a. Mu kuma masu zaɓe da masu rubutu mu koyi cewa daɗewar wakili a kujera dalili ne na ƙara sa masa ido, kuma kirarin da muka yi masa jiya ba ya hana mu tambayarsa lissafi yau.

Ina yi wa Faruk Lawan fatan alheri a sauran rayuwarsa, kuma idan har yana son ya saka wa ƙasar nan, babu abin da ya fi ya zauna ya rubuta duk abin da ya sani game da badaƙalar tallafin nan, ba tare da rufa-rufa ba. Allah Ya raba mu da kwaɗayin da ke zubar da mutunci, Ya ba mu shugabannin da ke tsoronSa a ɓoye kamar yadda suke nunawa a fili, amin.