YAUSHE YA KAMATA 'YA MACE TA FARA KWALLIYA?

Duk shekara idan kaka ta yi, aka cire masara da waken soya da auduga aka kai kasuwannin Funtuwa da Ɗandume da Malumfashi, kuɗi ya shigo hannun magidanta, sai bukukuwa su kankama. A wannan lokaci ne kuma wata gardama takan taso a gidaje. Yarinya ta ce ita ma sai an yi mata kwalliyar zamani kamar ƙawayen amarya, uwa ta ce ba ta isa ba. A wani gidan kuwa uwar ce da kanta za ta kama hannun 'yar shekara takwas ta kai ta wurin mai kwalliya, a dawo da ita da gashin ido na kanti da jan-baki kamar wadda za a kai ɗakin miji. To, yau filin namu zai duba wannan magana, domin ta shafi lafiyar 'ya'yanmu da karatunsu da mutuncinsu.

Yadda aka saba a da

Babu mai musun cewa kwalliya al'adarmu ce. Iyayenmu da kakanninmu sun yi ƙunshi, sun sa kwalli, sun zana katambiri a fuska, sun ci fure da goro don haƙora su yi ja, sun shafa man kaɗanya da man shanu. Amma kowane abu da lokacinsa. Ƙaramar yarinya wanka da kitso da lallen salla su ne nata. Idan ta zama budurwa, ta fara fita dandali, masu zance suka fara sallama, sannan ne kwalliyarta takan ƙaru. Cikakkiyar kwalliya kuwa ta amarya ce da matar aure, shi ya sa ake zuba kayan shafa a cikin lefe. Watau dai kwalliya sanarwa ce, tana gaya wa jama'a cewa wance ta isa aure.

A wancan zamani tsakanin balaga da aure ba nisa, saboda haka babu wata gardama. Abin da ya sauya shi ne makaranta. Tun daga shirin ba da ilmin firamare kyauta na 1976, har zuwa dokar ilmi ta 2004 wadda ta wajabta wa kowane yaro karatun shekara tara, 'ya mace tana daɗa daɗewa a aji. Yarinyar da ta shiga firamare tana da shekara 6 za ta gama ƙaramar sakandare tana da 15, babbar kuma tana da 18. Jihar Katsina tana cikin jihohin farko da suka shiga shirin AGILE na Bankin Duniya, wanda aka amince da shi a 2020 musamman don 'yan mata su kammala sakandare. Ke nan yanzu akwai shekara biyar ko shida da yarinya take budurwa a jiki, amma ɗaliba ce a matsayi. Idan muka bar ta ta riƙa yin sanarwar aure da fuskarta tun tana aji ɗaya na sakandare, kada mu yi mamaki idan masu amsa sanarwar suka zo kafin jarrabawa ta zo.

Abin da ke cikin kwalba

Abu na biyu da ya sauya shi ne kayan da kansu. A da uwa ta san abin da 'yarta ke shafawa, domin ita ta daka lallen, ita ta sayo man kaɗanya a wurin wadda ta sani. Yau kuwa kwalba ce da rubutun da ba kowa ke iya karantawa ba, wata ma ba rubutun ko kaɗan, haɗi ne aka zuba a roba.

Mafi haɗari duka shi ne man bilicin. Hukumar Lafiya ta Duniya ta wallafa a 2011 cewa kashi 77 cikin 100 na matan Nijeriya suna amfani da kayan ƙara hasken fata. A watan Fabrairu na 2023 hukumar NAFDAC mai kula da abinci da magunguna, a ƙarƙashin Farfesa Mojisola Adeyeye, ta ayyana wannan ɗabi'a a matsayin matsalar gaggawa ta lafiya a ƙasa baki ɗaya. A 2025 kuma gidan rediyon BBC ya kawo labarin wata uwa a Kano wadda ta shafa wa 'ya'yanta shida irin waɗannan mayuka har fatarsu ta ƙone ta yi tabo. Wannan ya nuna abin ya wuce kan manyan mata, ya sauko kan yara.

Abubuwa uku ne aka fi sakawa a cikin mayukan. Na farko zaiba, wadda ke ratsa fata ta shiga jini ta lalata ƙoda da jijiyoyi, ta kuma isa ga ɗan tayi a ciki da jariri a nono. Saboda haɗarinta ne ƙasashen da suka sa hannu a yarjejeniyar Minamata ta 2013, har da Nijeriya, suka amince a hana sa ta a kayan shafa. Na biyu haidurokwinon, wanda dokar NAFDAC ta ƙayyade kada ya wuce kashi 2 cikin 100, amma mai haɗi a kasuwa ba ta da ma'auni. Shi ne idan aka daɗe ana shafawa yake barin baƙin tabo a kumatu wanda ba ya fita da sauƙi. Na uku maganin sitiroyid, wanda likita ke rubutawa don ciwon fata na 'yan kwanaki, amma aka mai da shi man shafawa na kullum. Yana sa fata ta yi siriri, nankarwa ta fito, ƙuraje da makero su samu wurin zama, rauni kuma ya ƙi warkewa da wuri. Ku tuna yarinyar nan wata rana za ta je haihuwa, wataƙila ma a yi mata aiki, fatar da ta lalace kuwa ɗinki yana ba ta wuya.

Mu a nan ƙasar noma abin ya fi muni. Baƙin da ke fatarmu kariya ce da Allah Ya yi mana daga zafin rana. Yarinyar da za ta taka zuwa makaranta da rana, ta je tsinkar tumatir a Ɗanja ko cirar auduga a ƙauyukan Bakori da Ƙafur, idan aka kankare mata wannan kariya, ai an yi garin neman gira an rasa ido.

Kwallin ma da muka gada akwai magana a kansa. Da yawa daga cikin wanda ake sayarwa a kasuwa dutsen dalma ne aka niƙa. A 2011 likitoci a birnin Boston na Amurka sun samu dalma mai yawa a jinin wani jariri ɗan wata shida, ɗan asalin Nijeriya. Da aka bincika sai aka tarar kwallin da ake sa masa ne, wanda aka sayo a Ilori, awo kuma ya nuna fiye da kashi 82 cikin 100 na kwallin dalma ce. Mu maƙwabtan Zamfara ba ma bukatar a gaya mana illar gubar dalma, tun da a 2010 ta kashe yara fiye da 400 a ƙauyukan Anka da Bukkuyum masu haƙar zinariya. Gaskiya ne abin da ke shiga jiki ta kwalli bai kai na ƙurar haƙar ma'adinai ba, amma yaro yana murza ido ya kai hannu baki, likitoci kuma sun tabbatar ko kaɗan ce dalma tana dakushe ƙwaƙwalwar yaro. Haka nan baƙin lalle na dayis, rinin gashi ne a cikinsa, yana sa wasu kumburi da ƙuna. Aron jagira da kwalli tsakanin ɗalibai a ɗakin kwana kuwa hanya ce ta yaɗa ciwon ido irin afolo.

Wa ke biya?

Akwai tambayar da iyaye ba su cika son yi ba. Yarinya ba ta noma, ba ta albashi, kuɗin tara da ake ba ta bai isa ya sayi hoda da mai da turare ba. To daga ina? Wata daga ribar talla ce, wata daga kuɗin littafi, wata kuwa toshi ne daga saurayi ko wani magidanci a bakin kasuwa. Kyautar da uwa ba ta san da ita ba bashi ce, mai bayarwa kuma zai zo karɓar biya. Duk uwar da ta ga sabuwar kwalba a akwatin 'yarta ba ta tambayi inda ta fito ba, ta yi sakaci da amanar da aka ba ta.

Wasu iyaye sukan ce idan yarinya ba ta gyara ba za ta yi kwantai, maza kuma farar mace suke so. Wannan tsoro ba a raina shi, domin kowace uwa tana son ganin 'yarta a ɗakinta. Amma mijin da haske ya jawo, ranar da kuɗin mai ya ƙare fuska ta yi dabbare-dabbare, shi ne zai fara juya baya. Hasken da 'yan mata ke gani a finafinai da TikTok kuwa, sau da yawa fitila ce da gyaran hoto na waya.

A ɗaya gefen kuma, hani da duka kaɗai ba ya magani. Yarinyar da aka hana komai za ta ɓoye a jaka ta shafa a gidan ƙawa, abin da za ta shafa ɗin kuma shi ne mafi araha, mafi haɗari. Gara uwa ta zama ita ce malamar kwalliyar 'yarta.

To yaushe ke nan?

A ganina a bi abin mataki-mataki. Daga haihuwa har ƙarshen firamare, kwalliyar yarinya ita ce wanka da sabulu, kitso, yanke farce, goge haƙora, man kaɗanya ko basilin saboda hunturu, da jan lallen gargajiya ranar salla. A daina sa wa jarirai kwallin kasuwa. A ƙaramar sakandare, lokacin da ƙurajen balaga ke fitowa, abin da take bukata shi ne a koya mata wanke fuska safe da dare da tsaftar jiki lokacin al'ada. Fente fuska a wannan lokaci yana toshe ƙofofin fata ne ƙurajen su ƙaru. Ranar biki ko salla farar hoda kaɗan ta wadatar.

A babbar sakandare, daga shekara 16 zuwa sama, ba laifi ta koyi kwalliya mai sauƙi don biki da salla, da sanin uwarta, da kayan da uwar ta saya ta ga lambar NAFDAC da ranar lalacewa a jiki, ta kuma wanke kafin ta kwanta. Aji ba wurin kwalliya ba ne. Cikakkiyar kwalliya ta jira an ajiye alƙalamin jarrabawar ƙarshe, ko ranar aurenta. Man bilicin kuwa ba shi da shekarun farawa, bai dace da yarinya ba, bai dace da uwarta ba. Wadda ta riga ta daɗe tana shafawa ta je asibiti a duba ta, domin barin mai sitiroyid farat ɗaya yakan tayar da fata.

Ina kira ga malamai mata a makarantun 'yan mata na Funtuwa da Malumfashi da Bakori, su yi wannan bayani a darasin kiwon lafiya da tattalin gida da taron iyaye, kada a tsaya ga ƙwace jan-baki a bakin ƙofa. Jami'an NAFDAC su riƙa leƙa kasuwannin ƙauye a ranakun cinsu, ba manyan birane kaɗai ba. Masu sana'ar kwalliya, 'yan uwanmu ne masu neman halali, su ƙi fente ƙananan yara ko da iyaye sun roƙa. Magidanta kuma su daina yaba fara a gaban baƙar 'yarsu, kunnenta yana ji.

Ku kuma 'yan mata ƙannena, jan-baki ba zai ƙare a kasuwa ba, duk ranar da kuka isa za ku same shi. Shekarun karatu ne idan suka wuce ba sa dawowa, fata kuma guda ɗaya aka ba kowa. Allah Ya shirya mana zuri'a, amin. Sai mun sadu a mako mai zuwa.