Baƙin Sama Ma Sai Da Gaisuwa

A shekarar 1969 Umaru Dembo ya wallafa Tauraruwa Mai Wutsiya, labarin yaro Kilba wanda wani baƙo daga sama, Kolin Koliyo, ya ɗauka zuwa sararin samaniya. Yau fiye da shekara hamsin ke nan, amma kaɗan ne cikin marubutanmu suka bi sawunsa. Yaran Agye da Gazawa suna kallon halittun wasu duniyoyi a wayoyinsu, galibi da bakin Turanci ko Faransanci. Yaron da ya tashi a haka zai ɗauka Hausa ta tatsuniya ce kawai, ba ta da gurbi a zancen gobe.

Ra'ayina shi ne, gyaran wannan ya rataya a wuyanmu, mu ɗaliban kimiyyar harshe. Koriyar fata da ido uku ba sa gina al'umma ko da ta ƙage ce. Abin da ke gina ta shi ne yadda ake gaisuwa, da wanda ake sakaya sunansa, da kalmar da ba a faɗi sai ranar biki ko makoki.

Masu fim na Amurka sun gane haka. Masanin harshe Marc Okrand ne ya tsara wa Star Trek harshen Klingon, ya fitar da ƙamusunsa a 1985. Ya sa karɓau a farkon jimla, aikatau a tsakiya, aikau a ƙarshe, tsarin da ba kasafai ake samu a harsunan duniya ba. Ya kuma hana su gaisuwa: abin da suke faɗa in sun haɗu ma'anarsa "me kake so?" Bahaushen da ke tambayar kwana da gajiya da iyali kafin ya faɗi buƙatarsa, nan take zai san da irin mutanen da ya gamu.

Mu ma muna da makaranta a gida. A Tibiri ta gundumar Gidan Rumji, inda Innar Gobir ke shugabantar ƴan bori, an daɗe ana ba da labarin al'ummar da ido ba ya gani. Ba hukuncin bori nake yi ba, harshensa nake dubawa. Fremont Besmer, wanda ya yi bincikensa a Kano, ya bayyana birnin iskoki, Jangare, mai gidaje goma sha biyu ƙarƙashin Sarki Sulemanu. Kowane iska da kirarinsa da takensa da salon maganarsa: Kuturu da hanci yake magana, Malam Alhaji da tarin tsufa, Ɗan Galadima da isar ƴaƴan sarauta. Da murya kaɗai ƴan kallo ke gane wanda ya sauka.

Wani zai ce mu fara adana Gobiranci da Katsinanci kafin mu shiga wasa. Ai aikin ɗaya ne. Wanda bai fahimci dalilin da ke hana uwa kiran sunan ɗanta na fari ba, ba zai iya ƙago wa wata duniya alkunyarta ba.

Saboda haka ina roƙon malamanmu su gwada mu da wannan aikin gida: kowane ɗalibi ya ƙago al'umma guda, ya rubuta gaisuwarta da zanen sunanta da ta'aziyyarta, sa'an nan ya kare tsarinsa a gaban aji.