Gara ta ƙasa take zuwa, a tare ta tun daga ƙasa

Ƴan uwa manoma, kaka ta wuce, hatsi ya shiga rumbu. Wahalar damana duka tana cikin wannan rumbu. To, wa ya leƙa ƙarƙashinsa tun ranar da aka rufe shi?

Da yawa daga cikinmu ba mu tunawa da gara sai ta gama ɓarna. Sa'an nan mu ruga kasuwa mu sayo garin magani marar suna, mu barbaɗa. A ganina wannan asarar kuɗi ce, kuma wasa ne da rai. Garar da muke gani a bango ƴan aiki ne kawai. Uwarsu tana can cikin shuri, tana zuba ƙwai dubbai kowace rana. In ka kashe na bango yau, gobe wasu su fito.

Amma gara tana da rauni. Jikinta taushi gare shi, ba ta jure rana da iska. Shi ya sa take gina ƴar hanya ta laka, ta bi ciki. Daga ƙasa take tasowa, kuma laima take nema. Wanda ya gane wannan ya san inda zai tare ta.

Rumbu ya fi komi. A ɗora shi bisa manyan duwatsu, ya tashi daga ƙasa kamar kamu guda, yadda mutum zai duƙa ya ga ƙarƙashi. A share wurin, a zuba toka. Kada a jingina kara ko icce a jikinsa, don gada ce aka yi wa gara. Shigen da za a kafa a ƙasa a zaɓi icce mai tauri kamar ƙirya, a babbake gindinsa kafin a binne. Kowane mako a duba duwatsun. In an ga hanyar laka a karce ta nan take. Wannan aiki ne da ko yaro zai iya, kuma ba ya cin ko dala. Ruhewa ta laka ita ma haka take so. Kafin a zuba sabon hatsi a fitar da tsohon ƙaiƙayi duka.

A ɗakin laka, azara ce abin tsoro. Gara tana cin ta daga ciki, waje yana nan lafiya, sai ruwa mai ƙarfi ya zo rufi ya faɗo bisa masu barci. A ƙwanƙwasa azara kafin damana. Wadda ta yi amon ganga a sake ta. Azarar giginya ta fi jurewa, sai dai giginya ta yi wuya, ta yi tsada. Saboda haka ina goyon bayan ginin da ba icce, wanda aka fara koya wa magina a Shikal, cikin ƙasar Filinge, a 1980. Rufinsa ƙubba ce ta tubali, gara ba ta samun abin ci. A gyara indararo kuma, kada ruwa ya kwanta a gindin bango.

Mai gidan siminti kada ya ce shi ya tsira. Tsaga ƴar ƙarama a daɓe ta ishi gara. Ta ci katakon ƙofa, ta ci takardar gona da littattafan yara. Kututture ko guntun katako da magina suka binne ƙarƙashin daɓe shi ke kiran ta. A toshe tsaga, a ɗaga akwati daga ƙasa.

Magungunan gara na da, irin su aldrin da dieldrin, yarjejeniyar ƙasashen duniya ta 2001 ta hana su, don suna daɗewa cikin ƙasa da jikin mutum. Garin da ba suna a jikinsa, wa ya san abin da ke ciki? In lalle sai an sa magani, a nemi malamin gona. Kuma kada maganin gara ya taɓa hatsin ci.

Ba kowane shuri ne abokin gaba ba. Manoman Illela, cikin jihar Tawa, da ke haƙa tassa a fako suna zuba taki a ramin, gara ta zo cin takin, ta huda ƙasa, ruwan sama ya shige. Shurin daji a bar shi. Wanda ke kusa da rumbu ko gida shi za a tone, kuma a yi ta tona har a fito da uwar.