A Sa Wa Dara Agogo

'Yan'uwa ɗalibai, masu cewa agogo zai ɓata dara, wai don al'adar Turawa ce, ba su fahimci aikinsa ba. A gasar ces ta Landan, a 1883, aka fara aiki da agogo mai fuska biyu. Kowa da lokacinsa. Wanda ya yi wasa ya tsayar da nasa, na abokin karawa ya tashi. Wanda nasa ya ƙare an cinye shi. Mu 'yan Ƙanƙara, Faskari da Sabuwa mun sha ganin dattijo, da ya hango kaye, ya ƙura wa gurbi ido har a kira magariba a watse. Yaro kuwa ba shi da bakin cewa, "Baba, yi wasa." To, wa zai faɗa masa in ba agogo ba?