Nijeriya da Burazil: Takarda Ba Ta Ƙetare Teku

'Yan'uwa ɗalibai, duk wanda ke da taswirar duniya kusa da shi ya ɗauko ta, ya sa zare ya auna daga Ikko zuwa birnin Resife da ke gabar Burazil, sa'an nan ya sake aunawa daga Ikko zuwa Landan. Zai tarar Resife ta fi kusa: wajen kilomita 4,500 ne, Landan kuwa wajen 5,000. Amma duk da haka shekara da shekaru Ɗan Nijeriya mai son zuwa Burazil sai ya yi zagaye ta Turai, ko Adis Ababa, ko Kasabalanka, ya ɓata yini da kwana a tafiyar da ba ta kai rabin yini ba. Nisan nan mulkin mallaka ne ya haddasa shi, domin shi ya shimfiɗa dukan hanyoyinmu suka fuskanci arewa, shugabanninmu kuwa suka gaji shimfiɗar ba su taɓa juya ta ba.

Burazil ba baƙuwarmu ba ce. Babu ƙasar da aka jibge bayi 'yan Afirka a cikinta kamar ita, kuma sai a 1888 ta soke bauta. A cikin waɗanda aka kai lardin Bahiya akwai Hausawa, su ne suka ƙulla tawaye a 1807, suka sake tashi a 1814. A watan Janairu na 1835, cikin azumi, Musulmi bayi da 'yantattu, galibinsu Yarabawa, suka yi bore a birnin Salbado, aka sami layu da rubutun Larabci a jikin waɗanda suka faɗi. Waɗanda suka komo gida daga baya, wato Agudawa, sun kafa unguwarsu a Ikko, kuma magini daga cikinsu ne ya gina Masallacin Shitta-Bey da aka buɗe a 1894. Kai, ko rogon da ɗalibi ke jiƙa garinsa idan kuɗin wata ya ƙare, daga can asalinsa yake. Ashe a zamanin jirgin ruwa mai filafilai mutane na kai da kawo tsakanin gaɓoɓin nan biyu, mu kuma a zamanin jirgin sama sai mun nemi iznin wani kafin mu gaisa.

Za a ce mana ai gwamnati ta farka. Gaskiya ne an yi motsi. A watan Janairu na 2025 Burazil ce ta ba da sanarwar karɓar Nijeriya a matsayin abokiyar hulɗar ƙungiyar BRICS. A watan Yuni Mataimakin Shugaban Burazil, Geraldo Alckmin, ya zo Abuja. A watan Agusta Shugaba Tinubu ya tafi Burasiliya wurin Shugaba Lula, aka sa hannu a kan yarjejeniyar zirga-zirgar jiragen sama, aka yi shelar cewa kamfanin Air Peace zai riƙa tashi daga Ikko zuwa Sawo Fawlo. Madalla. Amma wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu, domin mun taɓa ganin irin wannan biki.

Kamfanin Varig na Burazil ya yi shekaru yana sauka a Ikko, daga baya ya daina. A 1975 aka buɗe masana'antar Volkswagen a Ikko, ana kawo sassan mota daga Burazil ana harhaɗawa. Masana'antar ta mutu ba ta bar mana ilmin ƙera ko da injin guda ba. A 1984 gwamnatin Janar Buhari ta shiga cinikin ba ni gishiri in ba ka manda da Burazil, mu ba da ɗanyen mai su ba da kaya, gwamnatin da ta biyo baya a 1985 ta dakatar da shirin don bincike. A 2019 aka ƙaddamar da wani shirin noma da injuna na dala biliyan 1.1, aka yi alkawarin tarakta 10,000, amma sai a watan Maris na 2025 aka sa hannu a kan matakin aiwatarwa. Shekara shida ke nan manomi na jiran tarakta yana riƙe da fartanya. Abin da ya fi ciwo shi ne jiragen yaƙi 12 ƙirar Super Tucano da sojojin samanmu suka karɓa a 2021. Ƙirar kamfanin Embraer na Burazil ce, amma a Amurka aka harhaɗa su, kuma sai da muka yi shekaru muna jiran yardar Amurka kafin a sayar mana. Kayan maƙwabci ta hannun dillali!

Mu dubi cinikin kansa. Shekaru goma sha da suka wuce ya tasam ma dala biliyan 10 a shekara, kusan dukansa ɗanyen mai. Da Burazil ta haƙo nata man a ƙarƙashin teku ta rage sayen namu, sai cinikin ya ruguzo zuwa wajen biliyan 2 a 2024. Wannan ya isa ya nuna cewa zumuntar ba ta da gindi, rijiyar mai kawai aka jingina ta da ita. Yau muna sayar musu da takin zamani, su kuma suna sayar mana da ɗanyen sukari, matatun Ikko su tace. Lura da kyau: takinmu ke ƙetare teku ya ciyar da rakensu, raken ya komo mana sukari mu biya da dala, alhali ga fadamun Bacita da Numan. Idan wannan ne haɗin kan ƙasashe masu tasowa, to me ya bambanta shi da cinikin da muka yi da Ingila, mu ba da auduga su mayar mana da atamfa?

Abin da ya kamata mu nema a Burazil ilmi ne. A 1973 ta kafa hukumar binciken aikin gona mai suna Embrapa, ta tura ɗaruruwan matasa karatu, ta ba su kuɗi da lokaci. Su ne suka gyara ƙasa mai tsami ta dajin Serado da farar ƙasa, suka fitar da irin waken soya mai jure zafi, har Burazil ta zama kan gaba a duniya wajen nomansa. Dajin nan kuwa ɗan'uwan namu ne, damina da rani, ciyawa da gajerun itatuwa. A shekarun nan mu me muka yi? Ciyar da Ƙasa a 1976, Juyin Noma a 1980, kowace gwamnati da takenta, cibiyar bincike ta Samaru da ta girmi Embrapa da shekara hamsin kuwa tana fama da ƙarancin kuɗi.

Amma fa kada murna ta rufe mana ido. Burazil ba sadaka ta zo rabawa ba, kasuwa take nema, kuma nomanta na manyan masu gonaki ne, wanda ya kori ƙananan manoma har suka kafa ƙungiyar marasa gona a 1984. Idan muka kwaso salon nan ba tunani, ɗan jari hujja zai shinge dubban eka, manomi da makiyayi su ƙara cushewa a ɗan abin da ya rage, kowa kuwa ya san abin da rikicin ƙasa ya riga ya jawo mana.

Saboda haka ga abin da ya wajaba mu matsa a kai. A buga kowace yarjejeniya a fili, da kuɗinta da wa'adinta, Majalisa ta riƙa tambayar inda aka kwana kowace shekara. Kowace tarakta da za a sayo ta zo da sharaɗin ƙera sassanta a nan da horar da makanikanmu. A ɗora jirgin sama a kan kaya da fasinja na gaske, a sauƙaƙa biza ga 'yan kasuwa da ɗalibai, a nemi jirgin ruwa mai tafiya kai tsaye tsakanin Ikko da Santos, don jirgin da ya tashi domin biki ba ya daɗewa. A haɗa Samaru da Embrapa, malami da malami, gona da gona.

Mu ma akwai namu laifin. Mu nawa ne a jami'ar nan za su iya karanta shafi ɗaya na Fotugis? Jami'ar Ife na koyar da shi. Ƙungiyar Ɗalibai ta nemi Hukumar Jami'armu ta buɗe ajinsa. Ku kuma ƙananan ma'aikata da fayil ke kwana a teburinku, ku sani a hannunku yarjejeniya ke rayuwa, a hannunku take mutuwa. Kakanninmu sun ƙetare tekun nan a cikin sarƙa, kuma duk da haka sun komo da sana'a. Abin kunya ne mu ƙetare shi da 'yanci mu komo da hoto da takarda. Allah ya sa mu gane.