Masu Yabon Hitila, Ku Tsaya Ku Ji Yadda Ya Hau Mulki



A makon da ya wuce wani matashinmu ya saka hoton Hitila a zauren WhatsApp na ƙungiya, ya rubuta "namijin duniya" a ƙasansa. Wasu suka bi shi da yabo, har ana cewa irinsa muke buƙata, wanda zai zo da ƙarfin tuwo ya gyara komai. Na goge hoton, aka yi mini ca, wai na cika shisshigi. To ga dalilina, kowa ya karanta ya yi wa kansa hukunci.

Jamus ta sha kaye a Yaƙin Duniya na Ɗaya a 1918. Yarjejeniyar Versailles ta 1919 ta ɗora mata biyan diyya mai nauyi, ta rage sojojinta zuwa 100,000, aka kuma ƙwace ƙasashen da take yi wa mulkin mallaka, ciki har da Kamaru da Togo. A 1923 kuɗinsu ya zama takarda, har dalar Amurka ɗaya ta haura mak tiriliyan huɗu. Wanda ya yi shekara talatin yana tari ya wayi gari ajiyarsa ba ta sayen burodi. Zafin da Jamusawa suka ji gaskiya ne, babu mai musun wannan.

A cikin wannan hali Hitila ya gwada juyin mulki a birnin Munich a Nuwamban 1923. 'Yan sanda suka buɗe wuta, ya ranta a na kare, bayan kwana biyu aka kama shi. Laifin cin amanar ƙasa ne, amma alƙalan da ke tausaya masa suka yanke masa shekara biyar, bai ma cika shekara guda ba aka sake shi. Da abubuwa suka ɗan lafa, jama'a suka manta da shi. A zaɓen 1928 jam'iyyarsa ta Nazi kashi 2.6 cikin ɗari ta samu, kujera 12 kacal.

Yunwa ce ta farfaɗo da shi. Kasuwar hannun jari ta Amurka ta rushe a 1929, basussukan da Jamus ta dogara da su suka tsaya, masana'antu suka rufe. Zuwa 1932 kusan mutum miliyan shida ba su da aikin yi. Sai Hitila ya samu abin da yake nema: mutane masu fushi da ke neman wanda za su ɗora wa laifi. Ya nuna musu Yahudawa, waɗanda ba su kai kashi ɗaya cikin ɗari na al'ummar ƙasar ba. Kujerunsa suka tashi zuwa 107 a 1930, suka kai 230 a Yulin 1932.

Ga inda masu yabonsa ba sa kaiwa. Bai taɓa samun rinjayen ƙuri'un Jamusawa a zaɓe na gaskiya ba. Ya yi takarar shugaban ƙasa a 1932, tsoho Hindenburg ya kayar da shi. Mafi yawan abin da ya samu kafin ya hau mulki kashi 37 ne, kuma a zaɓen Nuwamban 1932 ya faɗo zuwa kashi 33. Tauraronsa ya fara dusashewa. Manya ne suka ɗauko shi. Franz von Papen, tsohon shugaban gwamnati da ke neman hanyar komawa kan kujera, ya lallashi Hindenburg ya naɗa Hitila shugaban gwamnati ranar 30 ga Janairun 1933. Lissafinsu shi ne, 'yan Nazi biyu ne kawai za su zauna tare da shi a majalisar ministoci, Papen zai zama mataimaki, su ne za su riƙe linzami. Kura suka ba ajiyar nama.

Ba a yi wata guda ba ginin majalisar dokoki ya kama wuta, ranar 27 ga Fabrairu. Washegari aka fitar da dokar ta-ɓaci da ta soke 'yancin magana da na taro da na jarida. Aka kama 'yan adawa dubbai. Ranar 23 ga Maris majalisa da kanta ta miƙa masa ikon yin doka ba tare da ita ba, ƙuri'a 444 da 94, bayan an hana 'yan kwaminis shiga zauren. A watan Mayu aka rusa ƙungiyoyin ƙwadago, a Yuli aka haramta kowace jam'iyya sai tasa. A Yunin 1934 ya sa aka karkashe wasu jagororin 'yan dabar da suka yi masa aiki, tare da Janar Schleicher, wanda ya riga shi riƙe kujerar, da matarsa. Shi kansa Papen an tsare shi a gida, an kashe na kusa da shi. Da Hindenburg ya mutu a Agustan 1934, babu sauran mai ce masa kul.

Wani ya ce mini ai ya samar da aikin yi, ya gina tituna. Haka ne, rashin aiki ya ragu, amma kaso mai yawa na aikin ƙera makamai ne da shiga soja, da kuɗin bashi, don yaƙin da ya riga ya ƙudura. Shekara goma sha biyu ya yi. Ya bar biranen Jamus toka, ƙasar a rabe, miliyoyin Jamusawa a kabari, Yahudawa miliyan shida an hallaka su, shi kuma ya kashe kansa a ɗakin ƙarƙashin ƙasa a 1945. Wannan ne gyaran?

Kai kuma mai saka hotonsa, ka san matsayinka a wurinsa? Dokokin wariya na 1935 an faɗaɗa su sun haɗa da baƙar fata. A 1937 an yi wa ɗaruruwan yaran da iyayensu maza sojojin Afirka ne aikin hana haihuwa da ƙarfi. A 1940 sojojinsa sun ware fursunonin yaƙi baƙaƙe da ke cikin rundunar Faransa sun harbe su.

Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne a ce mu ne masu wannan yabo. Mu da muke zaune nesa da gida, muna neman halalinmu a tsakiyar wasu. Farmakin farko da gwamnatinsa ta kai wa Yahudawa a duk faɗin ƙasar, ranar 1 ga Afrilun 1933, ƙaurace wa shagunansu ne: aka tsayar da 'yan daba a bakin ƙofa suna hana mutane sayayya. Duk Bahaushen da ya taɓa rufe rumfarsa a Kudu saboda jita-jita ya san ɗacin wannan. Ranar da aka samu ɗan siyasar da ke neman tsirarun da zai ɗora wa laifin tsadar rayuwa, su wa kuke zaton zai nuna? In gemun ɗan uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa.

Don haka muddin ina riƙe da wannan amana, hoton mutumin nan ba zai kwana a zaurenmu ba. Wanda bai gamsu ba ya zo taron wata, mu yi magana ido da ido a gaban dattawa.

Allah Ya tsare mu da sharrin azzalumai, Ya zaunar da mu lafiya da maƙwabtanmu.

Sakataren Ƙungiya